Wushiryar da Na Yi wa Kaina da Samfefa

Bari in faɗi laifina da bakina tun kafin yayata ta riga ni, don in ita ta ba da labarin sai ta ƙara masa gishiri da barkono. Ni ne na goge haƙorana da samfefa. Ba na bakina ba, haukana bai kai can ba. Na farin siminti ne, waɗanda likita ya zuba ya ce a kai wa wata babbar likita ta auna. Na zauna a bayan garejin mai gyaran jikin mota a Kakuri, wata Asabar da rana tsaka, na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina ganin duk Kaduna babu mai wayona. Shekarata goma sha biyar a lokacin. Yanzu sha shida nake, na yi hankali ƙwarai.

Gidanmu gidan wushirya ne. Mama tana da ita, irin wadda in ta yi dariya a kasuwa mai tumatir yake ƙara mata gyara ba ta roƙa ba. Yayata tana da ita, kuma ba ta bari a manta. Ko ta'aziyya ta je sai ta san yadda ta yi aka gani. Kaka, mahaifiyar Baba, haƙora bakwai suka rage mata, amma ta ce tsakanin kowane biyu wushirya ce, saboda haka ta fi kowa arziki.

Sai ni. Allah ya ba ni haƙoran Baba, manya-manya kamar fartanya, ya zuba su a ɗan ƙaramin muƙamuƙin Mama. Kowa ya zo, wurin zama babu. In ka taɓa shiga bas daga Kakuri zuwa Sabon Tasha lokacin tashi daga aiki, to ka ga bakina: wani ya juya gefe, wani ya hau cinyar wani, wani kansa kawai ake gani. Fiƙoƙina biyu na sama ba su samu kujera ba sam, sai suka maƙale can sama a dasashi kamar kwandasta a bakin ƙofa. 'Yan ajinmu suka sa mini suna Go-silo, wato cunkoson motoci. Na amsa, don ni ma da a bakin wani na gani da sunan da zan sa masa ke nan.

Duk wannan bai dame ni ba. Haƙoran nan sun yi mini aiki. Sun ɓare rake, sun fasa ƙashin kaza, sun buɗe kwalbar lemo ranar da mabuɗi ya ɓata a bikin 'yar maƙwabta. Ko ɗaya bai taɓa ciwo ba, ko ɗaya ba shi da rami.

Begila ce ta tona mini asiri. Ina cikin samarin cocinmu masu ganga da begila, mu ne a gaba in za a yi maci ranar Kirsimeti ko bikin aure. Ita begila sai ka danna ta a leɓe sannan take magana, ni kuwa bayan leɓena na sama fiƙa tana tsaye tana jira kamar ƙusa a benci. Duk ranar da muka yi gwaji sai leɓen ya tsage ta ciki. Ina haɗiye jinin, ba wanda ya sani. Har ranar Lahadin godiyar amfanin gona, na ja wata doguwar busa wadda nake ganin an ji ta har Rido, na sauke begila, sai ga jini ɗis, ɗis, a farar rigata, a gaban matan zumunta kaf. Mama tana layi na biyu. Ban gama ninke rigar ba aka riga aka yanke mini hukunci: Litinin, asibitin haƙori.

Likitan da muka samu matashi ne, don haka a gida muka riƙa ce masa ƙaramin likita. Ya leƙa bakina ya ce, “Kai! Ɗan samari, nan ai sai da ɗan sanda mai ba da hannu.”

Na yi niyyar ramawa, amma yatsunsa biyu suna cikin bakina.

Ya kwaɓa wani abu ruwan hoda, mai sanyi, kamar tuwon da ya kwana, ya cika wani cokali mai siffar kofaton doki, ya danna mini a sama, sannan a ƙasa. Na ga lahira da idona. Da ya zare, sai ga sawun haƙorana a ciki kamar sawun kaza a taɓo. Ya ce mu dawo jibi. Da muka dawo ya zuba farin siminti a sawun ya bushe, ga bakina a kan tebur, sama da ƙasa, yana yi mini dariya ba tare da ni ba.

“Mama,” ya ce, “maganin wannan waya ce, a ɗaura ta ja haƙoran su hau layi. Amma waya ba ta ƙirƙirar fili. In fili bai isa ba, sai an rage fasinja.”

“Kamar yaya a rage?” in ji Mama.

“A cire. A ganina za su iya kai huɗu, biyu sama, biyu ƙasa. Ƙananan turamen da ke bayan fiƙa.”

Na ce, “Waɗanne ne suka ruɓe?”

“Babu. Lafiyarsu ƙalau.”

“To laifin me suka yi?”

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Ya ce ba shi ne mai yanke hukunci ba, akwai babbar likitar waya a Barnawa, ita za mu kai wa simintin nan da mako biyu. Ya yi mana bayanin yadda ake yi: za ta auna faɗin kowane haƙori ta tara, ta auna tsawon ƙashin da suke zaune a kai, ta cire wannan daga wancan. In abin da ya gaza kaɗan ne, ba a cire komai. In da yawa ne, sai a cire. Ya naɗe simintin da auduga ya sa a kwalin sabulu ya miƙa wa Mama.

Wannan bayani shi ne kuskurensa. Bai kamata a gaya wa mutum irina yadda ake ba da maki a jarrabawa ba.

Da yamma aka yi zaman majalisa a tsakar gida. Baba ya dawo daga kamfani a Kudenda, ya cire takalmi yana saurare. Kaka ce ta fara.

“Na sama? Za su cire wa maigidana haƙorin sama?” Haka take kirana, maigida, tun ina rarrafe. “Ba ku san jijiyar ido a nan take ba? A ƙauyenmu an cire wa wani mutum na sama, kafin damina ta fita sai da sanda yake zuwa gona.”

Baba ya ce wa mahaifiyarsa, “Mama, mutumin nan ai ya kai shekara casa'in.”

“To da haƙorin yana nan ya makance ne?”

Sai Baba ya juyo kaina. “Kai kuma ka saurara. Benci in na mutum huɗu ne, na biyar ƙasa yake zama. Ba ƙiyayya ba ce.”

Na ce, “Baba, a bas ɗin kamfaninku ku nawa kuke zama a benci na mutum huɗu?”

Yayata ta tuntsire da dariya har wushiryar ta haska gidan. Baba ya ce in bar masa rashin kunya. Yayata ta ce ita dai in an cire a ba ta, za ta yi sarƙa. Sai na miƙe tsaye, don magana irin wannan ba a yinta a zaune, na ce ko haƙori ɗaya ba za a cire mini ba. Na ce ni na goge su safe da yamma, ni na yi renonsu, kuma ban taɓa jin inda aka kori ɗan haya mai zaman lafiya don kawai ɗakin ya yi kaɗan ba. Kaka ta yi guɗa. Mama ta ce in zauna tuwona yana hucewa.

Kwana uku ina tunani. Dabarar a ajin lissafi ta zo mini, wurin da ban saba samun komai ba. Malam yana ba takardunmu maki, sai na lura ba kanmu yake dubawa ba, takarda yake dubawa. Abin da ke takarda shi ne kai. To babbar likita ma ai ba bakina za ta auna ba, siminti za ta auna. In haƙoran siminti suka rame, lissafi zai ce fili ya isa. In lissafi ya ce fili ya isa, wa ya isa ya yi masa gardama?

Ranar Asabar Mama ta tafi kasuwa, Baba yana aiki, Kaka tana gyangyaɗi. Na sauko da kwalin sabulu daga kan kabad na sa a riga, na nufi garejin da ke bakin layinmu. Mai garejin mutumin kudu ne, ya fi shekara ashirin a Kakuri, Hausarsa ta fi tawa karin magana. Kowa Oga yake ce masa.

“Oga, a taimaka mini da guntun samfefa.”

“Mai kaushi ko mai laushi?”

“Wanne ya fi sauri?”

Ya dube ni sama da ƙasa. “Go-silo, me za ka goge?”

“Aikin makaranta ne.”

“Kai da aikin makaranta ranar Asabar? Yau za a yi ruwa da ƙanƙara.” Amma ya yago mini mai kaushi.

Na zagaya baya na zauna a kan tsohuwar taya. Na ninke samfefar ta yi siriri, na zura tsakanin haƙoran, na fara. Ashe farin siminti ba shi da taurin kai irin na mai shi. Ja biyu sai gari ya zubo. Na rage wannan, na rage wancan. Sai na ga na dama ya fi na hagu ƙiba, na koma na daidaita. Sai na hagu ya fi. Wani na ƙasa ya karye gaba ɗaya, na roƙi gam wurin yaran Oga na manna shi, ya ɗan karkace, na ce ai dama a karkace yake.

Da a nan na tsaya, da wataƙila laifin ya zo da sauƙi. Amma da na zo kan manyan biyu na gaba, sai zuciya ta ce mini: kai kaɗai ne a gidanku ba ka da ita. Ga samfefa a hannunka. Wa zai hana ka?

Na yi wa kaina wushirya. Ba ƙarama ba. Irin wadda ta fi ta yayata, wadda tsinken tsire zai wuce bai taɓa gefe ba. Na ɗaga ta a rana na duba, na ga kyakkyawan saurayi. Na hure ƙurar, na naɗe da auduga, na mayar kan kabad.

Ranar da aka sa mana, muka hau keke zuwa Barnawa, Mama rungume da kwalin kamar jariri, tana ce wa mai keke ya bi ramuka a hankali kada ya fashe. Ni ina kallon titi.

Babbar likita dattijuwa ce, da tabarau a ƙarshen hanci, 'yan aikinta suna ce mata Hajiya. Ta gaisa da Mama, ta tambayi ajina, ta buɗe kwalin. Ta ɗaga na sama. Ta juya shi. Ta cire tabarau ta goge ta mayar.

“Buɗe bakinka, ɗana.”

Na buɗe kaɗan.

“Buɗe dai, ba kuɗi zan ƙirga ba.”

Na buɗe. Ta dubi bakina, ta dubi siminti, ta sake duban bakina.

“Maman yaro, ba a yi muku musanya ba kuwa? Wannan bakin wani ne. Mai wannan ba waya yake buƙata ba, mata yake buƙata. Dubi wushirya.”

Mama ta karɓa ta duba. Na ga lokacin da idonta ya sauka a kan gam. Ta shafa gefen haƙori ɗaya, farin gari ya biyo yatsanta. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta kira cikakken sunana, har da na baftisma, wanda ba a fito da shi sai ranar babbar shari'a.

Tunda ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada, sai na ce gara in mutu a tsaye. Na ce, “Ni ne. Da samfefa. Kuma ko an sake zubawa ba za a cire ba. Haƙorana ne, lafiyarsu ƙalau, ba su ci na kowa ba.”

Na jira tsawa. Sai Hajiya ta kwantar da kai a kan tebur tana dariya har kafaɗunta suna rawa. Ta kira wata ma'aikaciya ta ce ta zo ta ga abin da ba ta taɓa gani ba tun da ta fara aiki. Da ta nutsu ta ce, “Maman yaro, ki bar shi. Yaron da ya fahimci lissafin har ya yi masa maguɗi, ai ya fahimta. Shi zai auna da kansa.”

Hukuncina shi ne aka sake danna mini tuwon nan mai sanyi, sama da ƙasa, Mama tana tsaye tana cewa a ƙara. Aka kuma ɗauki hoton ƙashin kaina ta gefe. Sabon simintin kuwa Hajiya ta ce a wurinta zai kwana, a cikin kabad mai makulli.

Bayan mako guda muka koma. Ta zaunar da ni kusa da ita, ta ba ni wani ƙarfe mai baki biyu masu tsini, kamar na cikin akwatin lissafi, ta ba ni takarda da biro. Na riƙa buɗe bakin ƙarfen a kan kowane haƙori, ina ɗorawa a kan rula, ina rubutawa. Sannan ta lanƙwasa siririyar waya ta bi ƙashin da ita daga turmi zuwa turmi, ta miƙe ta, na auna. Na tara, na cire. Sau biyu na yi ƙoƙarin rage rabin milimita, sau biyu ta buga mini biro a hannu ba tare da ta ko kalle ni ba.

A ƙasa, milimita uku suka gaza. A sama, goma.

“Na ƙasa ba sai an cire ba,” ta ce. “Uku ba yawa. Zan ɗan goge tsakanin wasu haƙoran, kaɗan-kaɗan, kamar kaurin gashi, fili zai samu.”

Na miƙe zumbur. “Gogewa? Ai abin da na yi ke nan!”

“Sana'arka ce, amma ni da takardar izini nake yi. Kuma ni na san inda ake tsayawa. Da a bakinka ka yi wannan aikin, da yanzu ko iska ta shiga sai ka yi ihu.”

“To a goge na saman ma.”

“Goma? In na goge goma, abin da zai rage maka ƙwayar shinkafa ce.”

Na ce a ja su haka nan, su matsa wa juna, ai a bas ma ana yi. Ba ta ce a'a ba. Ta ɗaga hoton ƙashin a haske, ta nuna mini haƙorana na gaba, sun riga sun ɗan kifa waje. Ta ce ba lissafin kaɗai take dubawa ba, tana duba wannan ma, da yadda leɓe yake rufuwa, da kaurin ƙashin da ke riƙe da saiwa. “Zan iya jera su duka ban cire ko ɗaya ba. Amma ba su da wurin zuwa sai gaba. Za su fito kamar rumfar shago, leɓenka ba zai rufu ba sai ka yi da gaske, saiwar ta matso bakin ƙashi, dasashi ya fara janyewa. A kan wannan rumfar za ka ɗora begilarka?”

Sai na tuna ina da sauran harsashi ɗaya. “Kakata ta ce in aka cire na sama ido yana mutuwa.”

“Gaishe ta. Ka ce mata haƙorin sama in ya ruɓe ya yi ƙurji, kumburin yakan hau har ƙarƙashin ido, shi ya sa mutane suke haɗa su. Amma ido da hanyarsa, haƙori da tasa.” Ta rufe fayil. “Biyu na sama, shi ne shawarata. Amma ba na aika mutum a cire masa haƙori yana cewa a'a. Bakinka ne. Je ka yi tunani. In ka ƙi, ka zauna da Go-silonka, ba zai kashe ka ba.”

Ban san wanda ya gaya mata sunan ba. Ina zargin Mama.

Na fito ina tafiya kamar wanda ya ci zaɓe. A gida na sanar cewa daga huɗu an koma biyu saboda jarumtata, kuma biyun ma sai na ga dama, kuma ban ga dama ba. Yayata ta ce ƙarya nake, samfefa ba ta ceci ko ɗaya ba, lissafi ne ya ce uku. Na ce mai wushirya ba ya sa baki a maganar masu haƙori.

Wata biyu na yi ina kan bakana. Baba ya yi magana sau ɗaya ya bari. Mama ba ta sake cewa komai ba, sai dai duk ranar gwaji takan ajiye mini ruwan gishiri mai ɗumi a kofi, ba ta ce na mene ne ba, ni ma ban tambaya ba. Na gwada dabaru. Na sa auduga a bayan leɓe, begila ta yi kukan akuya mai mura. Na karkatar da ita gefen baki, shugabanmu na maci ya ce in na ƙara busa irin wannan zai ɗauka da gangan nake yi wa coci ba'a. Na samo zare na auna bakina a gaban madubin Mama, na ɗora a rula, ko Hajiya ta yi kuskure. Na ja zaren, na lallashe shi, na yi masa magana mai daɗi. Goma dai.

Ana saura mako uku Kirsimeti, muna gwaji a filin makarantar firamare, leɓen ya sake tsagewa, wannan karon har ya kumbura kamar an saka mini ƙosai a ciki. Shugabanmu, wanda muke ce wa Kaftin, ya karɓi begilar daga hannuna ya duba bakinta, ya ga ja.

“Go-silo, daga yau ka koma faranti.”

Faranti su ne tagwayen ƙarafan nan da ake gwarawa, cas, cas, a can bayan layi. Yara 'yan shekara tara ake ba wa.

“Kaftin, ni ne fa mai doguwar busa.”

“Na sani. Amma ba zan tsaya gaban mahaifiyarka in yi bayanin jini sau biyu ba. Ka gyara bakinka ka dawo, begilarka tana nan.”

Na yi macin Kirsimeti a baya, ina gwara faranti tsakanin yara biyu da ko majina ba su gama sharewa ba. Wanda aka ba wa begilata ya ja doguwar busa ta tsinke masa a tsakiya kamar tsohon zare. Yayata tana bakin titi tana ɗaga mini hannu da dukan wushiryarta.

Washegarin sabuwar shekara na samu Mama tana tankaɗe, na ce ina da sharuɗɗa uku. Biyu kawai, ko an ga na uku yana yi wa mutane gwalo ba za a taɓa shi ba. Na biyu, a ba ni abina in taho da su, ba na yayata ba ne, ba na kwandon shara ba ne. Na uku, Kaka za ta bi mu, in na makance ta zama shaida.

Mama ta ce, “Wa ya ce maka dole ne?”

Na ce, “Ba wanda ya ce. Shi ya sa zan je.”

Hajiya ta rubuta takarda, ƙaramin likita ne ya yi aikin, wata Talata da safe. Da ya gan ni ya ce, “A'a, injiniya! Ka zo da samfefarka ko in ba ka aro?” Ashe labarin ya riga ni. Na ce masa ya yi aikinsa kawai. Allurar ce ta fi zafi. Sauran kuwa turawa ce da girgizawa, da wata ƙara a cikin kai kamar ana taka busasshen kara. Na so in ce na yi ihu har an ji a Kudenda, amma gaskiya bakin ya mutu, ko “a” na kasa cewa.

Da na fito da auduga a baki, Kaka ta taso da sandarta ta tsaya a gabana, ta ɗaga yatsu.

“Maigida, nawa ne nan?”

Na nuna mata uku.

“Nan fa?”

Na nuna mata biyar, ko da yake huɗu ta ɗaga. Ta ƙwalla salati irin na maƙwabtanmu da addu'a irin tamu a haɗe, ta ce ta faɗa, ta faɗa! Sai da ta ga ina dariya auduga tana faɗowa, ta ɗaga sandar, na ruga bayan Mama.

Biyu aka cire, na sama, ƙananan turamen da ke bayan fiƙa. Na ƙasa an goge su kaɗan, ba a cire ko ɗaya ba. An ɗaura waya bayan mako biyu, yau wata goma sha ɗaya ke nan, fiƙoƙin sun sauko sun zauna a layi. Idona biyu suna gani. Na koma begila da Ista, da ɗan kakin da Hajiya ta ba ni ina mannawa a kan wayar. Haƙoran biyu suna cikin gwangwanin man zafi a ƙarƙashin katifata. Simintin mai wushirya yana kan teburin Hajiya, ta ƙi ba ni.